Mutumin da Ka Tsare a Mararraba

Ɗana, labari ya iso ni cewa ka shiga sahun masu haɗuwa su hau keke cikin taro, ku cika titi da ƙarar ƙararrawa, kuna neman hukuma ta san da zamanku ta yanka muku gefen hanya. Madalla, Allah ya yi maka albarka. Kada ka zaci zan ce ka bari, don ni ma a kan sirdi na yi ƙuruciyata, tun muna karɓar haya a rumfar mai faci, shi yana duban agogo mu muna duban fuskarsa, har Allah ya hore mini Raleigh na kaina da nake gogewa da tsumma kowace safiya. Na san abin da mai keke yake sha a bakin kwalta. Tirela ta wuce iskarta ta kaɗa shi, direban bas ya matse shi har bakin kwata sannan ya leƙo ta taga ya zage shi, ya koma gida ba shi da wanda zai kai wa ƙara. Mutumin da ya shekara yana haɗiyar wannan shi kaɗai, ranar da ya waiwaya ya ga ɗari biyu irinsa a bayansa, motoci sun tsaya cak suna jira su wuce, wani daɗi ne yake ratsa shi wanda baki ba ya iya faɗa. To, wannan daɗin ne ya sa na ce ka zauna mu yi magana, domin na san shi, na kuma san inda yake kai mutum in bai riƙe linzaminsa ba.

Akwai wani birni na bakin teku da ya riga ka bin wannan hanya da fiye da shekara talatin, ya ɗanɗani zumarta ya kuma sha harbinta. San Faransisko ke nan, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ruwa ya kewaye shi ta gefe uku, tsawonsa da faɗinsa kowanne bai wuce wajen kilomita 11 ba, ga tuddai masu sa cinya ta yi kuka, ga hazo da yake tasowa daga tekun Fasifik ya lulluɓe unguwannin yamma. Ka riƙe zancen ƙuncin nan, don shi ne tushen rigimar duka. Garin da ke tsakiyar sarari yana iya buɗawa ya yi sabon titi a bayan gari, amma garin da teku ya tokare ba shi da inda za shi, saboda haka duk taku ɗaya na kwalta da aka ba wani, daga hannun wani aka karɓe shi. In kana zaune a Legas ka taɓa kwana a kan gada cikin gosulo, ba sai na yi maka dogon bayani ba.

Ranar Juma'a 25 ga Satumba, 1992, wasu masu zuwa aiki a kan keke, waɗanda ba su kai ɗari ba, suka haɗu a ƙarshen titin Market kusa da tashar jiragen ruwa, suka ce maimakon kowa ya kama hanyar gida shi kaɗai motoci na wasa da ransa, bari yau mu tafi tare. Iyakar abin ke nan da farko. Ba da daɗewa ba suka laƙaba wa taron suna Critical Mass, wato yawan da in taro ya kai shi ba a iya tare shi, kuma sun tsinci sunan ne a wani fim na Ted White, inda aka bayyana yadda masu keke a ƙasar Sin suke taruwa a mararrabar da ba danja, ɗaya bayan ɗaya, har su yi yawan da za su ratsa gaba ɗaya motoci su dakata musu. Suka tsayar da Juma'ar ƙarshen kowane wata. Ba shugaba, ba sakatare, ba kuɗin rajista. Duk mai sha'awa ya zana hanyar da yake so a bi, ya buga kwafi ya rarraba, wadda ta fi karɓuwa a bi ta. In direba ya ce sun tare hanya, amsarsu ita ce su ma masu tafiya ne, ba tare hanya suka yi ba. Kuma gaskiyarsu ce. Cikin 'yan shekaru abin ya bazu zuwa ɗaruruwan birane a duniya.

Sai dai akwai wata dabara da suka ƙirƙiro, wadda nake so ka dube ta da idon basira, don na tabbata ko ba ku ba ta suna ba kuna yin ta. In ayarin ya iso mararraba, sai mutum biyu ko uku su gicciye kekunansu a bakin titin da ya ratso, su toshe shi kamar bakin kwalba, har na ƙarshe ya wuce, ko da danja ta ba motoci hannu sau uku. Hujjarsu ba ta banza ba ce: in mota ta kutsa tsakiyar ayari ta raba shi, nan ne ake samun rauni. Na yarda. Amma ka tsaya ka leƙa cikin motocin nan da aka tsare. Kai a ranka kana ganin direban da ya zage ka jiya, alhali wanda ke zaune a ciki wata uwa ce da za ta ɗauko ɗanta kafin a rufe makaranta, ko lebura a cikin bas da ya wuni a tsaye ƙafafunsa na zogi, ko mai ciwon da ya samu layin likita da ƙyar. Ba su san ka ba, ba su taɓa yi maka komai ba, wasunsu ma da ka yi musu bayani cikin ladabi da sun ce Allah ya ba da sa'a. Minti ashirin ɗin da ka ci musu su ne farkon saninsu da kai, kuma mutum ba ya saurin manta yadda aka fara gaisawa da shi. Gobe in an kira taron unguwa a kan ware wa keke gefen titi, wannan matar za ta zo, kuma za ta tuna.

Taron na San Faransisko ya yi ta kumbura har ya kai dubbai, har magajin garin na lokacin, Willie Brown, ya ce ya gaji, za a saka wa abin ƙa'ida. Aka nemi sasantawa, aka shata hanya guda da 'yan sanda za su yi rakiya. Amma da wa aka sasanta? Rashin shugaban nan da suke alfahari da shi ya zama ba wanda ya isa ya ɗaura alkawari a madadin kowa. Ranar 25 ga Yuli, 1997, kimanin mutum 5,000 suka fito, suka watsar da hanyar da aka shata, suka rarrabu gungu-gungu cikin gari, tsakiyar birni ta tsaya cik, aka yi cacar baki da dambe da direbobi, 'yan sanda suka kama fiye da mutum 100 suka kwashe kekuna. Abin mamaki, a daidai wannan rana ta 25 ga Yuli a 1896, shekara 101 kafin nan, dubban masu keke sun yi jerin gwano a wannan birnin suna neman a gyara musu titin Market. Ka ga kukan ba sabo ba ne, jikoki ne suka gaji na kakanni. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, taron da ba shi da shugaba yana da daɗin shiga, amma ba shi da mai ba da haƙuri ranar da aka yi ɓarna, ba shi kuma da mai cewa ya isa.

Ba zan rage musu hakkinsu ba. Daren nan ya tashi garin daga barci, waɗanda ba su taɓa kawo mai keke a ransu ba suka san akwai shi kuma yana da yawa. Amma tambayi kanka, wa ya girbe abin da aka shuka? Akwai wata ƙungiya, San Francisco Bicycle Coalition, da aka kafa tun 1971, mai rajista da ofis da shugabannin da aka san sunayensu. Bayan hargitsin mutane suka yi ta shiga cikinta, su kuma suka ɗauki aikin da ba wanda yake ɗaukar hotonsa: zaman majalisar gari mai sa gyangyaɗi, ƙirga kekunan da ke wucewa da safe, bin masu shaguna ɗaya bayan ɗaya, koyar da sababbin mahaya dokar hanya. A 1999 aka rage layukan mota a titin Valencia aka shata wa keke nasa, da sunan gwaji, gwajin ya zauna. Masu ihu a titi sun girgiza bishiyar, amma masu haƙurin zama a kujera su suka tsince 'ya'yan. In ƙungiyarku duk masu girgiza ne, ba mai tsinta, to kun yi wa iska aiki. Ka duba cikinku, wa yake da sanyin rai da iya rubuta takarda, wa ya iya zama gaban kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ba tare da ya ɗaga murya ba, ku girmama shi kamar yadda kuke girmama wanda ya fi kowa gudu.

Kuma kada yawa ya ruɗe ka. Mun taso muna jin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a wannan birnin an ga ranar da mutum ɗaya da takarda ya tsayar da dubbai. Wani mazaunin garin, Rob Anderson, ya kai hukuma kotu, ya ce ta zartar da tsarin hanyoyin keke ba tare da binciken illa ga muhalli da dokar Kalifoniya ta wajabta ba, kuma a ganinsa matse motoci zai ƙara cunkoso da hayaƙi. Masu keke suka yi masa dariya, suka yi masa ba'a. Alƙali bai yi dariya ba. A 2006 ya ba da umarnin a dakata, kuma ba a ɗage umarnin gaba ɗaya ba sai a watan Agusta na 2010. Shekaru suka wuce birnin bai iya shata sabon layin keke ba, har ƙarfen da ake ɗaure keke a bakin titi an hana kafawa. Ni ban yarda da ra'ayin mutumin ba, amma laifin wa? Na waɗanda suka yi gaggawa suka tsallake mataki, don sun ga gaskiya tana gefensu sun ɗauka ta ishe su. Ɗana, ko gaskiyarka ta kai hasken rana, bi ƙa'ida daki-daki, kada ka bar wa mai adawa da kai ƙofa a buɗe, kuma kada ka raina shi don shi kaɗai ne.

Bari in ɗan kauce in ba ka nawa, don kada ka ce tsoho ya iya ganin na mutanen Amurka ya manta nasa. Muna samari, wani abokinmu ya yi aure, muka yi masa rakiya da kekuna wajen talatin, mun ɗaura musu ƙyallaye, kowa na nuna gwaninta, wani ya saki hannu, wani ya miƙe tsaye a kan feda. A wata kwana ɗaya daga cikinmu ya ture wa wata dattijuwa farantin ƙosai, duka ya kife a ƙasa. Ba ni na ture ba. Amma na gani, kuma ban tsaya ba, don ayari na tafiya kuma ba wanda yake son a bar shi a baya. Da ni kaɗai ne a hanyar nan, wallahi da na sauka na tsince mata na biya ta, don haka aka tarbiyyantar da ni. Taro ne ya ara mini wata zuciya da ba tawa ba. Washegari duk yaron da ya bi ta layin nan da keke sai an jefe shi da baƙar magana, har waɗanda ba su je bikin ba. Yau shekaru masu yawa ke nan, na manta irin rigar da angon ya sa, ban manta yadda matar nan ta tsaya tana duban ƙosanta a cikin ƙura ba.

Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma a zamanin da kowa ke riƙe da waya mai ɗaukar hoto, waken nan ba ya ɓuya. A watan Agusta na 2015, a wani hawan Critical Mass, wasu suka bi hannun da ba nasu ba suka tare wata mota, ɗaya ya ɗaga makullin kekensa na ƙarfe ya dinga dukanta har gilashi ya fashe. Hoton ya zaga duniya, mutanen da suka shekara ashirin suna lallashin gari suka wayi gari suna ba da haƙurin laifin da ba su yi ba. Wanda ya fi wannan ciwo ya faru tun a watan Maris na 2012, lokacin da wani mai keke ya gangaro daga tudu a guje ya ratsa mararrabar Castro da Market, ya buge wani dattijo ɗan shekara 71 da ke tsallaka titi tare da matarsa. Bayan 'yan kwanaki dattijon ya cika. Mai keken ya amsa laifinsa a kotu a 2013, aka ɗora masa aikin al'umma na awa 1,000. Ka yi tunani a kan wannan da kyau. Duk abin da kake zargin direba da shi, na ganin ya fi ka ƙarfi don haka kai za ka kauce, shi ne abin da mai tafiya a ƙasa yake gani a wurinka. A gaban tirela kai ne mai rauni, a gaban tsohuwa mai sanda da yaro ɗan makaranta da makaho kai ne tirelar. In kana neman a tausaya maka daga sama, to a ga tausayinka yana sauka ƙasa.

Kada ka ce to ashe sai dai mu naɗe hannu. A'a, akwai hanyoyi, kuma a garin nan dai aka gwada su. Akwai wata hanya da masu keke suke bi mai suna Wiggle, tana lanƙwasa kamar maciji tana bin tsohon kwarin rafi don kauce wa tuddai. A 2015 'yan sanda suka matsa wa masu keke lamba a kan rashin tsayawa cak a kowace alamar tsayawa. Maimakon su yi fito-na-fito, sai suka jeru a layi ɗaya wata yamma, kowa ya iso mararraba ya tsaya cak, ya sa ƙafa a ƙasa, ya duba dama da hagu, sannan ya wuce, ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda doka ta ce. Layin ya yi tsawo har direbobin da ke baya suka fara roƙon a yi sauri. Ba a zagi kowa ba, ba a karya doka ko ɗaya ba, amma kowa ya fahimci maganar. Ba su samu canjin dokar da suka nema ba, don majalisar gari ta amince amma magajin gari Ed Lee ya ƙi sa hannu, sai dai sun fita da mutuncinsu, kuma har yau in an tuna abin murmushi ake yi.

Wanda ya fi burge ni shi ne na ranar Lahadi. A 2008, zamanin magajin gari Gavin Newsom, birnin ya kwaikwayi Bogota ta Kolombiya, inda tun shekarun 1970 ake rufe wasu tituna ga motoci ranar Lahadi. Aka fara da titin bakin ruwa, aka sanar tun da wuri, aka buɗe shi ga kowa: mai keke, mai tafiya a ƙasa, mai keken guragu, uwa mai tura jariri, tsoho mai motsa jiki. 'Yan kasuwar wajen Fisherman's Wharf suka tayar da jijiyar wuya da farko, suna tsoron ciniki zai mutu. Da suka ga jama'ar da ta cika ƙofar shagunansu, bakinsu ya sauya. Ka lura da bambancin. Hawan Juma'a yana ce wa gari ku dakata mu wuce, na Lahadi yana cewa ku fito mu yi tare. Uban da ya koya wa 'yarsa hawan keke a tsakiyar titin da kullum yake tsoron ta tsallaka, ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan amfanin hanyar keke, idonsa ya gani. Daga baya ma wasu suka fara wani hawan dare na wata-wata mai kiɗa da fitilu, wanda sharaɗinsa shi ne a tsaya a danja a bar wa motoci layinsu. Irin wannan tarbiyya ce ta tara ƙuri'un da a watan Nuwamba na 2022 suka tabbatar da rufe titin JFK na cikin lambun Golden Gate ga motoci, da rinjayen fiye da kashi 60 cikin 100.

Amma ko cin nasara yana da nasa ladabin, kuma a nan ne labarin ya fi yi mini nauyi. A gefen yamma, daf da rairayin teku, akwai titi mai suna Great Highway, wanda iska takan kwaso yashi ta binne shi har a rufe a kwashe. An hana motoci binsa a 2020 lokacin annobar korona, mutane suka ɗanɗana suka ji daɗi. A 2021 aka yi raba-daidai: ranakun aiki na motoci, ƙarshen mako na masu keke da masu tafiya a ƙasa. Sai masu son a rufe shi ɗungurungum suka kai maganar ƙuri'ar raba gardama ta gari duka a watan Nuwamba na 2024, suka ci da kusan kashi 55 cikin 100. A watan Afrilu na 2025 aka buɗe wurin shaƙatawa mai tsawon wajen kilomita 3 a kan titin, aka sa masa suna Sunset Dunes. Sai dai unguwannin da ke maƙwabtaka da titin, waɗanda su ne suke binsa zuwa aiki kuma ta lungunansu motocin za su koma, akasarinsu ƙin amincewa suka yi. Suka ji mutanen nesa sun yanke musu hukunci a kan ƙofar gidansu. A watan Satumba na 2025 suka yi wa wakilinsu Joel Engardio kiranye, saboda shi ya tsaya wa rufewar. Wurin shaƙatawar yana da kyau, ba na musu, kuma mai yiwuwa jikokin masu fushin su fi kowa morarsa. Amma an samu fili an rasa maƙwabta, kuma duk wani wakili da ya ga abin da ya sami gemun ɗan'uwansa zai shafa wa nasa ruwa kafin ya sake tsaya wa masu keke. Da an ƙara shekara ɗaya ko biyu ana zama da mutanen nan, ana gyara musu lungunan da motoci za su koma kafin a rufe, da wataƙila an samu duka biyun.

Mu ma nan gida mun ga yadda ƙafa biyu take zama marainiya in gari ya juya mata baya. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, an hana a manyan sassan Legas a watan Fabrairu na 2020, aka ƙara tsanantawa a watan Yuni na 2022, kuma da yawan waɗanda abin ya shafa a Legas 'ya'yanmu ne da suka je neman halali. Kowace hukuma da dalilan da ta bayar, ba wannan nake tattaunawa ba. Abin da na lura da shi shi ne, ranar da hukuncin ya sauka, mutane nawa ne cikin waɗanda ake ɗauka kullum suka buɗe baki suka kare su? Kowa ya tuna ranar da aka bangaje shi, ko aka taru a kansa don ya gogi babur ɗaya. Dubban masu ladabi suka biya bashin 'yan kaɗan. Ba na so ranar da za a yi maganar keke a majalisa a rasa mai cewa yaran nan na san su, mutanen kirki ne.

Sannan ka tuna don wa kake wannan fafutuka. In kekenka na tsada ne, da hular kwano da rigar da ta ɗame jiki, kana hawa ne don nishaɗi da lafiya, babu laifi, Allah ya ƙara buɗi. Amma akwai maigadin da yake taka tsohon kekensa da asuba ba fitila, da mai kai burodi da ya ɗaure kaya har sun fi shi tsawo, da ɗan makarantar da ya goya ƙanensa. Su ba su zaɓi keke ba, shi Allah ya hore musu, kuma su ne motar take fara samu. Ba za su zo hawanku na safiyar Asabar ba don suna wurin aiki, amma in hanyar da kuke nema ba ta bi ta kasuwa da makaranta da tasha ba, ta tsaya a unguwar masu hali da bakin ruwa inda ake ɗaukar hoto, to kun yi wa kanku ne kawai. Je ka rumfar mai faci ka zauna, shi ya san kwanar da ta fi cin mutane, don wurinsa ake kawo wilin da ya lanƙwashe. In kun tara kuɗin buga riguna, ku rage wani abu ku sayi fitilu da abin ƙyalli ku ɗaura wa waɗannan bayin Allah.

Na ji kuna shirin babban hawa ranar 3 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018. To ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran mako biyu, ajiye keken ka bi hanyar da ƙafa. Ka gaida mai shayin kwana da mai ƙosai, ka gaya musu rana da lokaci. Ka shiga tasha ka nemi shugaban direbobi, ka cire hula ka yi masa bayani, ka tambaye shi wane lokaci ne ba zai takura musu ba, za ka sha mamakin yadda mutum yake laushi in an tambaye shi kafin a yi. Ka kai takarda wurin 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, ka kauce wa ƙofar asibiti da lokacin masallaci da na coci. Ran hawan, ku sa yara da masu rauni a gaba don su tsayar muku da gudu, ku bar mutum biyu masu haƙuri a can baya da famfo da kayan faci, kada a bar kowa shi kaɗai a hanya. In danja ta tsayar da ku ku tsaya, ko da ayarin zai rabu biyu, na gaba su jira a inuwa. In direba ya yi zagi, mutum ɗaya da kuka zaɓa tun a gida shi zai je ya amsa, saura su wuce. In kuma an ture wa wani faranti, Allah ya kiyaye, kai da kanka za ka sauka.

In kun gama, ka zo ka same ni da yamma. Ba adadin kekunan zan tambaye ka ba. Zan tambaye ka ko mai shayin nan ya fito ya ɗaga muku hannu, da kuma ko cikin direbobin da suka jira ku akwai wanda ya sauke gilashi ya ce yaushe ne na gaba.